Darasin Vom Ga Matan Arewa Mazauna Kudu: Ƙiba Ba Ita Ce Lafiya Ba

Duk mutumin da ya taɓa kwana a Vom ya san cewa kafin rana ta fito hanyoyin garin sun riga sun cika da mata. Wasu sun nufi gona da fartanya a kafaɗa, wasu sun ɗauko kwandon kabeji da karas za su bakin titi, ga matan Fulani sun gangaro daga ruga da ƙwaryar nono a ka, ga kuma ɗaliban makarantar koyon aikin jinya da ungozoma suna sauri cikin sanyi. Babu wadda za ta ce ta fito motsa jiki ne, watakila ma in aka faɗa mata haka dariya za ta yi. Amma fa kafin azahar da yawansu sun yi tafiyar da 'yar'uwarsu mai zaune a ɗakin haya a Agege ko Idi-Araba ba za ta yi ba a cikin mako guda.

Wannan magana ta shafi kowane magidanci ɗan Arewa da ya ɗauko iyalinsa ya kawo su Ikko, ko Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ko Anacha. Ya kawo matarsa, ya kawo tukunyarta da akwatinta, amma aikin da ke riƙe da lafiyar jikinta an baro shi can gida, ba kuwa a maye gurbinsa da kome ba. Sakamakon haka shi ne ake gani yau a layin asibiti: matan da ba su kai shekara arba'in ba suna fama da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, wasu har da shanyewar ɓarin jiki.

Ga wanda bai san Vom ba, gari ne na Birom a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, gaba da Bukur, kusa da Kuru. Yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, shi ya sa sanyi ba ya rabuwa da shi. A nan Turawa suka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a 1924, wadda ta yi suna wajen yaƙi da ciwon bushiya, annobar da ta daɗe tana ƙarar da shanun Arewa kafin a ba da sanarwar kawar da ita daga duniya a 2011. Shekara biyu kafin wannan, watau a 1922, 'yan mishan suka buɗe asibitin Vom wanda har yanzu yana aiki. Ƙasar kuwa tana ba da acca da dankalin Turawa da kabeji da karas da sauran kayan lambu iri-iri. Kayan gwarin da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, wani kaso nasa daga wannan tudu na Filato yake fitowa.

To, kada a ce batun tafiya da lafiya zancen baka ne kawai, akwai ƙididdiga. A farkon shekarun 1990 Gwamnatin Tarayya ta sa aka bi ƙasar nan ana auna mutane domin a san yawan masu hawan jini da ciwon sukari, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Akinkugbe, aka kuma buga rahoton a 1997. A ƙauyukan Mangu, nan Jihar Filato, masu ciwon sukari ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. A cikin birnin Ikko kuwa an sami wajen mutum 11 cikin 100. Ƙasa ɗaya ce, zamani ɗaya, mutane iri ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne abin da suke ci da yadda suke wuni. Ɗan Arewan da ya bar ƙauye ya koma Ikko ya bar sahun farko ne ya shiga na biyu, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka nan kuma a 2001 wasu masana daga Jami'ar Jos da abokan aikinsu na Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya na tudun Jos, maza da mata. Abincinsu cike yake da nono da man shanu, irin maiƙon da likita kan hana mutumin birni. Duk da haka da aka auna jininsu sai aka tarar ba shi da alamun da ke nuna haɗarin ciwon zuciya. Dalilin da masanan suka bayar shi ne yawan tafiya da aiki, da kuma cewa jimlar abin da suke ci ba shi da yawa. Watau man shanun da Bafulatana ke ƙonewa a hanyar tallan nono, shi ne matar birni ke tarawa a ciki da cinya in ta ci ta kwanta.

Ba wai ana cewa matar Vom tana cikin daula ba ne. Ko kusa. Macen da ta shekara talatin tana ɗaukar itace da ruwa a ka, wuyanta da bayanta suna ba da labari. Hayaƙin murhu yana cin idonta da ƙirjinta. Tun zamanin kamfanonin haƙar kuza mata ke dakon ƙasa a kwano a wannan tudu, har gobe kuma talauci yana tura wasu ramukan da kan rufta da mutane. Rikice-rikicen da suka addabi Filato tun daga 2001 sun sa wasu hanyoyin da mata ke bi zuwa gona da kasuwa sun zama abin tsoro. Wahala dabam, motsa jiki dabam, babu kuma mai hankalin da zai ce a kwashe famfo da injin niƙa a mayar da mata kan dutse. Abin dubawa shi ne, tsakanin wadda aiki ya yi wa yawa da wadda ba ta motsi sam, akwai hanya ta tsakiya, kuma matar da ke zaune a Kudu ta fi kowa damar bin ta, tun da ita zaɓi za ta yi, ba tilas ba.

A duba yadda ranar matar aure take a gida can Arewa, ko da a kulle take. Gidan yana da tsakar gida mai faɗi. Da asuba za ta share shi a sunkuye, ta ja ruwa a rijiya guga bayan guga, ta yi surfe, ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta tuƙa tuwon mutum goma sha, ta yi wanki a tsugune, da dare kuma ta taka zuwa barka ko gaisuwa a wata unguwa. Taɓarya kaɗai ta isa ta sa mace gumi, ta ƙarfafa mata damtse da baya. Kakanni ba su san wani abu wai shi filin wasa ba, amma turmi ya ishe su.

Yanzu a dubi ranar wannan matar a Ikko. Ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, a gidan haya irin mai ƙofa na kallon ƙofa, tsakar gidan kuwa wani ɗan siririn lungu ne da ake rabawa da gida goma. Ɗan garuwa ya kawo ruwa har bakin ƙofa. Yaro ya kai markaɗe. Gari a leda yake zuwa. Maigida ya yi cefane a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, domin ba ya son ta shiga cikin baƙin mutane. In za a je biki sai a tsayar da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Sauran wunin fa? Tabarma, da waya, da fim. Tazarar da ke tsakanin gadonta da murhunta ba ta fi taku biyar ba. Ga zafi da gumin bakin teku da ke kashe jiki, mutum ya ji ko tashi ba ya son yi.

Abincin kuma bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. An bar dawa da gero da acca an koma farar shinkafa da teba da taliyar leda da biredi. Shayin safe ba ya shawuwa sai da sukari cokali uku da madarar gwangwani. Baƙuwa ta zo, lemon kwalba. An yi suna, lemon kwalba. An ji zafi, lemon kwalba. Alhali kwalba guda tana ɗauke da sukarin da ya haura giram 30, kusan ƙaramin cokali 8 ke nan. Miya kuwa an yi watsi da daddawa, sai a jefa dunƙulen magi huɗu ko biyar, sa'an nan a bi da gishiri, ba a san cewa kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau ƙaramin cokali guda, a duk abin da zai ci daga safe zuwa dare.

Mafi muni shi ne yadda jama'a ke yi wa abin kirari. Mace ta je ganin gida da salla ta yi jiki, sai dangi su ce lalle Ikko ta karɓe ta, mijin nan yana riƙon ta da kyau. In ta koma yadda ta tafi sai a fara tsegumi, ko ba ya ba ta abinci ne, ko kishiya ce ta sa ta gaba. Saboda gudun wannan gori har wasu matan ke sayen ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe a hannun masu talla. Da yawan waɗannan ƙwayoyi magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa domin asma ko kumburi, na ɗan lokaci, da awo. Wadda ta mai da su abincin kullum, fuskarta za ta kumbura, cikinta ya yi tulu, ƙafafu su sirance, sukarin jininta ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Kumburi ne take saye da kuɗinta tana ce masa ƙiba. A ɗaya gefen kuma ga masu tallan shayin rage tumbi a Facebook, wanda galibinsa maganin zawo ne. Ruwan jiki yake zubarwa, kitsen yana nan inda yake. A ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 an tarar mata 28 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, sa'an nan 58 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Ashe ke nan ana iya samun mace ga jiki har jiki, amma jinin babu.

To mene ne abin yi? Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema a ƙa'idojinta na 2020 ba shi da yawa: minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, da kuma kwana biyu na aikin da ke ƙarfafa tsoka. Minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne, tafiya ce wadda mace za ta iya hira a cikinta amma ba za ta iya rera waƙa ba. Ba dole ne a yi ta a lokaci guda ba, minti goma nan, minti goma can, duk lissafi ne. Mai ciki ma ba a ce ta kwanta ba, an so ta sami minti 150 ɗin, muddin ma'aikatan awo ba su ga wata matsala ba.

Raka yara makaranta a ƙafa motsa jiki ne. Sauka daga mota tasha guda kafin gida motsa jiki ne. Wadda ke zaune a bene, matakalar nan da take tsinewa kullum ita ce maganinta, ta hau ta sauka sau biyar da safe. Wadda ba ta fita, ta rufe ƙofarta ta kunna kiɗan ƙwarya ta taka rawa minti ashirin, ko ta karɓi igiyar tsallen 'yarta. Tashi daga kujera da komawa sau goma ba tare da dafa hannu ba yana ƙarfafa cinya da gwiwa. Galan biyu na ruwa sun isa abin ɗagawa. Turmin da aka jefa bayan ɗaki, a fito da shi ko sau biyu a mako a daka yaji ko sakwara. Sai dai a bi sannu. Macen da ta shekara goma a zaune kada ta tashi rana ɗaya ta ce za ta yi tsalle ɗari; wadda kuma ke jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki fiye da kima, ta ga likita tukuna. A Kudu lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba, kafin rana ta yi zafi da hayaƙin motoci ya tashi.

Nan ne maganar ta dawo kan maigida, domin a yawancin gidajen nan izinin fita a hannunsa yake, cefane ma a hannunsa yake. Shi yana wuni yana zirga-zirga a kara ko a kasuwar canji ko bakin tasha, ya dawo a gajiye, bai taɓa lura da cewa ita tun safe ba ta taka ƙofar gida ba. Wani zai ce addini ne ya hana. Amma malamai sun san ruwayar da ta zo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Wanda ke kishin kada matarsa ta fita ita kaɗai, to ya raka ta mana. Zagaye unguwa na rabin awa bayan asuba ko bayan isha'i, ita da hijabinta shi da carbinsa, ba zai rage masa girma ba, tumbinsa ma zai amfana. Mai ganin wannan abin kunya ne, ya tambayi wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a ɗakin haya, nesa da dangi, yadda ake ɗaga ta da yadda ake kwantar da ita, da abin da magani ke ci kowane wata.

Wajen abinci ma Vom tana da abin koyarwa. Gwaten acca da ake yi a Filato, ganye ne ya fi yawa a cikinsa: yakuwa da alayyafo da gauta, a zuba wake ko gyaɗa, tsabar kuwa kaɗan ce. Wannan tsari shi ne abin kwaikwayo, ko da wace irin tsaba aka samu. An daɗe ana yi wa masu ciwon sukari kwatancen acca, har wasu sun ɗauka magani ce. Ba magani ba ce, hatsi ce mai kyau, kuma wadda ta cika kwano da tuwonta ta cinye, sukarinta zai hau. A rage malmala, a ƙara miya da ganye. Kudu kuwa ba ta rasa ganye ba, ga ugu ga shuwaka ga ayoyo ga kuɓewa ɗanya, ga lemo da gwanda da abarba sun fi na Arewa araha. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace ake so mutum ya ci a rana. Mai ƙarancin jini ta riƙi wake da zogale da hanta da kifi, ta kuma raba shayi da lokacin cin abinci, domin shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini.

Akwai wani abin mamaki game da nono. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ake sarrafa madara da man shanu a Vom, yau ma akwai babbar gonar madara a can. Amma a Jos ɗin nan ne likitoci suka yi ta ganin yara masu lanƙwasassun ƙafafu, ga rana kuwa ba a rasa ba. A 1999 Dokta Thacher da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan yara 123, suka nuna cewa rashin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili, domin yaran ba sa samun fiye da kimanin miligiram 200 a rana. Abincin da yaro ke ci shi uwarsa ke ci. Macen da ke haihuwa tana shayarwa tana bukatar wannan sinadari, in kuwa ta manyanta haila ta ɗauke, ƙashinta kan fara raguwa da sauri. Nono da kindirmo marar sukari, da miyar kuka, da riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, duk suna ba da shi. Ƙashi kuma yana son nauyin tafiya da hasken rana, abubuwa biyun da mai wuni a cikin ɗaki ba ta samu.

Saura aikin jama'a. Kowane zango a Kudu, tun daga Sabon Badun da aka kafa a 1916 har zuwa sababbin unguwannin bayan gari, yana da Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, yana da limamai, yana da makarantar Islamiyya mai katanga wadda filinta ke zaman banza kafin yara su zo ko bayan sun tashi. Me zai hana a buɗe wa mata ƙofar awa guda, su zagaya su yi hirarsu babu idon namiji? Ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, da Zumuntar Mata a coci-cocin 'yan Arewa, suna taruwa kowane mako, ba sai an kafa sabuwar ƙungiya ba. Matan da ke iya zubin adashi su yi anko na biki ba za su kasa haɗa kuɗin na'urar awon jini guda ɗaya da zaren awo na tela ba.

Ma'aikatan dabbobi na Vom sun daɗe suna koya wa makiyayi cewa saniya ba a jira ta faɗi kafin a duba ta, a yi mata allura a kan lokaci, a lura da abin da take ci. Ɗan kasuwar da ke Ikko ya san ranar da zai yi wa motarsa juyen mai. Amma sau da yawa matar gidan ba a auna jininta sai in tana da ciki, alhali hawan jini ba ya sallama, mace tana iya shekaru da shi babu ciwon kai babu jiri. Lambar da za a riƙe ita ce 140 bisa 90: in awo ya kai haka ko ya wuce, aka sake a wata rana ya maimaita, asibiti za a nufa, ba wurin mai tallan magani ba. Ƙugun mace in ya haura santimita 88 a daidai cibiya, haɗarin ciwon sukari ya ƙaru ƙwarai. A kusan kowane zango akwai wata 'yar Arewa ma'aikaciyar jinya ko ungozoma. Ita ya kamata a damƙa wa na'urar da littafin rubuta sunaye, a sa mata rana guda a wata, sarakuna kuma su sa a yi shela a masallaci da coci cewa kowane maigida ya turo iyalinsa.